Tambayar da Bushiya Ta Haɗiye

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A garin dabbobi, duk mai sana'a yakan zuba mudun gero a rumbun gari ranar kasuwa, saboda shekarar yunwa. Gafiya ce mai tsaron rumbun. Wata rana ta tara jama'a ta ce, "Rumbu ya ƙi cika. Daga yau mudu biyu ne."

Bushiya mai sayar da fura ta miƙe. Ita kaɗai ta taɓa ganin rami a gindin rumbun. Ta ce, "Ranki ya daɗe, mu da Giwa babban falke awo ɗaya? Sannan geron bara..."

Gafiya ta tari numfashinta. "Haba, Iya mai fura, ai ke tamu ce! Ku ƙanana, ludayi guda ya isa."

Kasuwa ta kaure da guɗa. Kurege ya raɗa wa Bushiya, "Maganar geron bara fa?"

Ta ce, "Bari, ƙanena. An yi mana sauƙi, kada mu ɓata."

Da shekarar fari ta zo aka buɗe rumbu, babu ko ƙaiƙayi. Gafiya tuni ta kwashe geron ta bi raminta. 'Ya'yan Bushiya, yunwa na cinsu, suka ce, "Inna, ba wanda ya ga ramin nan?"

Bushiya ta dunƙule, ta ɓoye fuska. Har yau haka take yi in an tunkare ta.

Ƙurunƙus! Gafiya ta tsere, sai kan kusu ya rage mana.