Gidan da Inna Hansatu Ta Ƙi Bari

Ku gyara zama, yau magana na kawo muku wadda ni kaina na kasa yanke mata hukunci.

A wata unguwa cikin garin Kazaure an yi wani dattijo, Malam Hashimu, da matarsa Inna Hansatu. Gidansu ginin ƙasa ne irin na da. Kowane ɗaki da dokin ƙofa mai tsayi, ga rijiya a tsakar gida, banɗaki kuma yana can ƙurya, sai an sauka wani gangare da ruwan sama ya zaizaye. Lokacin da suke da ƙarfi babu wanda ya damu da waɗannan. Da tsufa ya zo, sai ya zama kowane taku sai an yi masa shiri.

'Ya'yansu uku ne: Shu'aibu babba, mai sayar da yadi a Kano, Uwani, wadda ke aure a Daura, sai auta Barau, magini. Duk cikinsu babu wanda bai san gangaren nan ba. Malam ya taɓa yi wa Shu'aibu maganarsa, Shu'aibu ya ce to, ya aiko da ragon layya ya manta da siminti. Uwani ta taɓa ganin uban ya yi tuntuɓe ya dafe bango, ta kau da kai don kada ya ji kunya. Barau kuwa, da yake gina wa mutane benaye, amsarsa kullum ɗaya ce: "Baba, bari damina ta wuce."

Kafin daminar ta wuce, wata safiya Malam ya fito daga banɗaki da butarsa, santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. Inna ta ji faɗuwarsa daga ɗaki. Ya yi jinya mai tsawo, bai sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Da Inna ta fita takaba, ƙanenta Kawu Mati ya tara 'ya'yan a zaure, aka tsayar da magana cewa ta koma Kano wurin Shu'aibu. Tana daga ciki tana jin su. Ta dubi ɗakin da aka kawo ta tana amarya, ta tuna maƙwabtan da suke shigowa hira kowace yamma, da buzun Malam da har yanzu ba ta iya naɗewa ba. Da suka shigo faɗa mata, sai ta ce, "Na ji. Amma ku sani, ranar da kuka fitar da ni daga gidan nan, ba zan daɗe muku ba." Kawu Mati ya ce tsufa ne, a rarrashe ta a tafi da ita.

Uwani ce ta ƙi. Ta dubi wanta ta ce, "Yaya, ba Inna ce ke bukatar a ɗauke ba. Gidan ne ke bukatar gyara." Aka yi mata ca, kawun ya ce mace ta fi maza sanin gini ne? Ba ta janye ba. Ta nemi izinin mijinta, ta bar 'ya'yanta wurin surukarta, ta dawo ta tare da uwar. Ba ta tambayi Inna inda take shan wuya ba, don ta san ba za ta faɗa ba. Bin ta kawai take yi da ido, da gawayi a hannu. Duk inda Inna ta dafa bango sai ta yi alama. Duk inda ta tsaya ta numfasa, ko ta ɗaga ƙafa da ƙyar, sai ta yi alama. Ta lura idon hagun uwar ya yi rauni, shi ya sa take karo da turmi. Ta lura ta rage shan ruwa don gudun zuwa banɗaki, abin da ya sa Uwani ta shiga madafa ta yi kuka. Kafin ta koma Daura, bangon gidan ya cika da zanen gawayi, kuma mijinta ya daɗe yana fushi da wannan doguwar tafiya.

Shu'aibu shi ne ya fi kowa son a kai uwar Kano, har ya sa an yi wa ɗaki fenti. Da ya zo ya ga alamomin nan, ya tsaya a bakin gangaren ya ƙudura zai sayi kayan gyara. Kasuwa ba ta tafiya a shekarar. Abin da ya mallaka shi ne wani fili da ya daɗe yana burin ginawa, ya fitar da iyalinsa daga gidan haya. Ya sayar da shi, ya yi odar siminti da yashi da kwano da tankin ruwa. Wurin sayen bututun ƙarfen da za a kafa a bango don riƙewa, mai shago ya nuna masa mai sauƙi ya ce zai wadatar, tsohuwa ai ba ta da nauyi. Shu'aibu ya ce a ba shi mai kaurin. Har yau yana gidan haya, kuma bai taɓa gaya wa uwar inda kayan suka fito ba. A bakin matarsa ta ji.

Barau kuwa a lokacin an kira shi wani babban aiki a Abuja, irin wanda magini ke jira shekara da shekaru. Ya ce a ba wani. Bai yarda ya ɗauki ko lebura ba. Shi ya fasa dokin ƙofa na kowane ɗaki, ya cike gangaren, ya shafe tsakar gida da siminti mai kaushi wanda ba ya santsi. Ya gina sabon banɗaki jikin ɗakin Inna, da wurin zama, ya rufe rijiya ya ja famfo daga tanki, ya ɗaga murhu don kada ta riƙa sunkuyawa. Ƙarfen nan ya bi zanen Uwani ya kafa shi, ya tona bango ya zuba kankare, sannan ya rataya da dukan nauyinsa a kowane gefe ya gwada. Abu ɗaya ya fi ba shi wuya. Akwai bishiyar darbejiya da Malam ya dasa da hannunsa, saiwoyinta sun tayar da ƙasa a kan hanyar Inna. Ta ce kada a taɓa. Ya sare ta ranar da ta tafi gaisuwar mutuwa. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba, yana aiki a tsakar gidanta tana tura masa abinci ba magana.

Damina ta zagayo. Wata safiya Inna ta fito daga wanka, sai jiri ya ɗebe ta, gari ya yi mata duhu, ƙafafunta suka saki. Hannunta ya kai bango kamar yadda ya saba, ya tarar da ƙarfe daidai wurin. Duk nauyinta ya koma kansa, bai lanƙwashe ba, bai kuma tumɓuke ba. Tana riƙe tana salati har wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta tarar da ita ta zaunar da ita. A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba ta magani, ta kwana a ɗakinta.

Da 'ya'yan suka zo duba ta, ta yi ta shafa ƙarfen. Can ta ce, a hankali, "Da Malam ya samu ko rabin wannan."

Bayan sun watse ta aika aka kira Kawu Mati. Ta ɗauko wani Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa ta fata, na kakan yaran ne, wanda magada suka bar mata tun wurin rabon gado, suka ce ta ba wanda ta ga dama. Ta ce, "Mati, so nake in ba wanda ya zaunar da ni a ɗakina, kuma abin ba ya rabuwa uku. Ba don yarinyar nan ba, da ina Kano, kuma babu wanda zai san inda hannuna ke sauka. Ba don babban ba," don ba ta faɗin sunan ɗan farinta, "da zanen gawayi ne kawai a bango. Ba don auta ba, da kayan suna jibge a zaure. Kuma duk ukun sun yi wa ubansu jinkiri iri ɗaya."

Kawu Mati ya juya gafakar a hannunsa, ya mayar mata.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, tsakanin Uwani da Shu'aibu da Barau, wa Inna Hansatu za ta miƙa wa?