Dardumar Gafiya Mai Ratsi-Ratsi

An yi wata Gafiya a gindin wata tsohuwar tsamiya, mai son a san da ita. Ɗakinta ɗaya ne tal a ƙarƙashin ƙasa, ƙofarsa ma ɗaya. Don ƙanƙantarsa, in ta miƙe a ciki sai wutsiyarta ta leƙo waje. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Ba ƙuncin ne ya dame ta ba, a'a, kada dai a ce a ƙunci take zaune.

Maƙwabcinta Kurege ne, ga aiki kamar me, ga baki ba ya shiru. Akwai kuma Kunkuru, wanzamin unguwar, wanda duk gidan da ya je aski sai ya dawo da labarinsa ya baza wa gari.

To, masu zaman rami suna da ƙa'idarsu. Duk wata haƙa da damina ake yin ta, lokacin da ƙasa take da laushi. Da zarar ruwa ya ɗauke, ƙasar gindin tsamiyar nan takan bushe ta zama kamar dutse, sai kuma wata shekara.

A wannan daminar Gafiya tana da ciki, mijinta kuwa ya rasu tun ruwan farko. Wata safiya Kurege ya tsaya a ƙofarta, jikinsa duk taɓo.

Ya ce, "Yaya Gafiya, ruwa fa ya kusa ɗaukewa. Ki faɗaɗa ɗakin nan, ki fitar da ƙofar baya. Ke kaɗai ma bai ishe ki ba, balle da 'ya'ya."

Gafiya ta ɗaga hannuwanta ta ce, "Da waɗannan faratan? Jiya jiyan nan na sa lalle."

"To ni zan haƙa, ke ki riƙa kwashe ƙasar."

"In tara tulin ƙasa a ƙofata, duk wanda ya wuce ya ce ashe ɗakin Gafiya ya yi mata kaɗan? Allah ya kiyaye! Wa ya kawo maka ƙara ne, Kurege? Je ka ji da naka ramin."

Kurege ya ce, "Nawa ƙofa uku gare shi."

Ta ja tsaki ta ce, "Ai shi ya sa kullum kake kama da wanda aka tono."

Ranar kasuwa Gafiya ta je rumfar Hawainiya masaƙiya. Ta duba hagu, ta duba dama, sannan ta rage murya ta ce wai wata ƙawarta ce ke da ɗan ƙaramin ɗaki, ko akwai dabara?

Hawainiya ta juya ido ɗaya ta dube ta, ɗayan kuwa yana kan saƙarta. Ta jawo wata darduma mai ratsin fari da shuɗi ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki ta shimfiɗa wannan, ratsin ya miƙe daga bakin ƙofa zuwa ƙurya. Kada ta gitta ta. Ido zai bi ratsin ya yi ta tafiya, sai a ga kamar ɗakin ya yi tsawo. Ta kuma rage tarkace."

Gafiya ta ce, "Ba ni biyu."

Hawainiya ta ce, "Amma ki faɗa mata, ido kaɗai take ruɗa. Bango yana nan inda yake."

Wannan maganar ta ƙarshe Gafiya ba ta tsaya jin ta ba, ta riga ta ɗora kayanta a ka.

Ta shimfiɗa ɗaya a ƙasa, ta kafa ɗayar a bangon ƙurya, ta daidaita ratsin har ba a gane inda ƙasa ta ƙare bango ya fara. Gaskiya ɗaya ce, ɗakin ya yi kyau. In ka leƙa daga waje sai ka rantse soro ne.

Ta ƙwala wa Kurege kira, bakinta har kunne. Ya zo ya leƙa, ya ce, "Kai! Wallahi ya yi kyau. To miƙe mu gani."

Ta miƙe. Wutsiyarta ta leƙo waje kamar kullum.

Kurege ya ce, "Ita wutsiyar ba ta ga ratsin ba ke nan."

Gafiya ta yi wuf ta naɗe ta, ta ce, "Hassada ce kawai ke cin ka. Tashi mini daga ƙofa!"

Ya ce, "Saura ruwa ɗaya ko biyu, Yaya. Na dai faɗa."

Aka yi ruwan, ta yi biris. Aka sake yin wani, ta yini tana karkaɗe darduma. Daga nan sama ta washe, ƙasa ta ƙame. Abin tausayin shi ne, yau da gobe ita kanta Gafiya ta soma yarda cewa ɗakin ya ƙaru.

Bayan an yi girbi ta haifi 'ya'ya huɗu, jajur da su, ko ido ba su buɗe ba. Ta jera su a ƙurya kan darduma, ta riƙa kallonsu tana jin daɗi, don kuwa tana son su ƙwarai. Duk girman kanta, wannan ba a raba ta da shi ba.

Ranar suna ta zo. Da sassafe aka raɗa musu suna, da hantsi Kunkuru ya iso da zabirarsa ta aski. Al'ada kuwa ita ce wanzami ya zauna a waje cikin inuwa, a riƙa miƙo masa jarirai ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi wuri a gindin tsamiya ya soma wasa aska.

Gafiya ta leƙo. Ta ga baƙi sun taru, ta kuma tuna cewa duk abin da Kunkuru ya gani yau, gobe gari ya ji.

Ta ɗaga murya ta ce, "Baba Wanzam, shigo ciki ka yi askin. Ai akwai wuri."

Kurege ya yi tsalle ya ce, "Ciki? Wa ya taɓa yin haka? Ki dubi ƙoƙon bayansa, ki dubi ɗakinki!"

"Sunan 'ya'yanka ake yi ko nawa?"

Kunkuru ya ja jiki ya zo ya zura wuya ya leƙa. Ya ga ratsin fari da shuɗi ya miƙe sak, kamar ba shi da ƙarshe. Ya ce, "Ikon Allah! Ashe haka ɗakinki yake? Wannan ai ko ni da ƙanena za mu shiga."

Kan Gafiya ya ƙara kumbura. Ta koma ƙurya wurin 'ya'yanta ta ce, "Bismillah, Baba."

Kunkuru ya tura kai. Hanyar gangare ce, ga darduma da santsi. Ya taka ta, ta zame, nauyinsa ya tafi da shi gaba. Sai ji aka yi ƙurum! Ƙoƙon bayansa ya cushe tsakanin bango da bango. Ya yunƙura gaba, ba hanya. Ya yunƙura baya, ƙasa ta zubo ta cike 'yan kafofin da suka rage a gefensa.

Ɗaki ya yi duhu ƙirin.

Gafiya ta ce, "Baba, koma baya mana!"

Ya ce, "Ba na iya ko motsi, 'yar nan."

A waje baƙi suka kama ƙafafunsa na baya suka yi ta ja, ko gezau. Kurege bai tsaya kallo ba. Ya zagaya ya auna daidai inda ƙuryar ɗakin take, ya soma haƙa daga sama. Amma ƙasa ta riga ta zama dutse. Abin da zai haƙa da damina kafin a tauna goro, yanzu sai ya daɗe yana kartar wuri ɗaya.

Ya kara baki da ƙasa ya ce, "Yaya Gafiya! Ki haƙo ta cikin nan mu haɗu!"

Ta yage dardumar bango ta soma karta. Faratan da ba su saba aiki ba suka kakkarye tun ba a je ko'ina ba. Ta ci gaba da haƙora. Zafi ya cika ɗakin, iska ta ƙare, numfashi ya soma yi mata wuya. Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta.

'Ya'yan suna ta kuka, su huɗu. Tana haƙa tana saurarensu. Da rana ta take tsaka, sai ta ji muryoyi uku. Ta laluba a duhu ta jijjiga wanda ya yi shiru, bai motsa ba. Ta koma bango tana kuka tana karta.

Bayan azahar muryoyi biyu suka rage.

Kunkuru ya ce, "Ki yafe mini, 'yar nan. Na ga kamar da wuri."

Ta ce, "Ni na kira ka, Baba. Ni ce."

Sai da la'asar ta yi sakaliya hannun Kurege ya ɓullo ta rufin ɗakin, duk jini. Haske da iska suka shigo tare. Ya ce, "Miƙo hannunki!"

Ta ce, "Fara da yaran."

Ta miƙa masa su ɗaya bayan ɗaya. Yana karɓa yana ajiyewa a inuwa. Na ƙarshen ne kaɗai ya motsa a hannunsa, ya yi ɗan kuka siriri.

Aka jawo Gafiya, aka faɗaɗa ramin, aka tura Kunkuru ta ciki ana ja ta waje har ya fita. Baƙin da suka zo cin tuwon suna suka tsaya aka yi jana'iza da su. Gafiya ta zauna a ƙasa ta rungume ɗan da ya rage, ta kasa ɗaga ido ta dubi kowa.

Kafin rana ta faɗi Kunkuru ya koma gindin tsamiya ya buɗe zabirarsa. Ya zo ne don askin kai huɗu, ɗaya ya aske.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ado yana gyara gani amma ba ya gyara abin da ya lalace. Ba laifi ba ne ka ƙawata ɗan ƙaramin ɗakinka, ka shimfiɗa abin da zai sa ya yi kyau a ido. Laifin shi ne ka bar aikin da ya zama dole don gudun kada a ga kasawarka, har ka yarda da ruɗin da kai ka shirya. Sau da yawa kuma waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne abin yake fara cinyewa.