Ranar da Aka Daina Gadin Ibada

An yi wani tafki a gindin wani falalen dutse, can bayan gonaki, inda ƙafar mutum ba ta cika zuwa ba. A kan dutsen ƙadangaru ke zaune. Babbansu Jan Gwada ne, mai jan kai da doguwar wutsiya, wanda yake ganin duk duniya babu mai natsuwa irin tasa. A cikin ruwan kuma kwaɗi ne. Babbansu Burduddugi, mai ƙaton maƙogwaro, in ya buɗe baki ji yake yi kamar iska ma tsayawa take ta saurare shi.

Tsakanin dutsen da ruwan akwai ɗan rairayi, a nan wata tsohuwar kififiya take shan hantsi. Iya ake ce mata. Ta tsufa har gansakuka ta fito mata a baya, kuma rabin tsufan nan rabon faɗa ne ya jawo mata shi.

Kowane ɓangare da irin ibadarsa. Ƙadangaru da hantsi suke yin tasu: su jeru a kan dutse, su fuskanci rana, su rufe ido, su yi ta ɗaga kai suna sunkuyarwa, ba ka jin ko tari. Kwaɗi kuwa sai da yamma, su taru a bakin ruwa, su kumbura wuya, su yi ta rera waƙa har ba sa jin komai sai muryarsu.

Ga shi kuwa akwai Zalɓe, tsuntsun nan mai dogon baki, wanda bai taɓa tambayar abincinsa yadda yake ibada ba. Shi ya sa tun zamanin kakanni aka yi wata al'ada da ake kira gadin ibada. In ƙadangaru sun rufe ido, babban kwaɗo zai fito bakin ruwa ya zuba wa sama ido, da ya ga inuwar Zalɓe sai ya kwarma ihu. In kwaɗi sun kama waƙa, babban ƙadangare zai hau ƙololuwar dutse, da ya hango shi sai ya fyaɗi tsakuwa da wutsiya, ta gangaro cikin ruwa, kowa ya nutse.

A wannan shekarar Iya ta binne ƙwanta a cikin rairayin, kuma jikinta ya gaya mata su ne na ƙarshe. Ranar da 'ya'yan za su fito, dole su ratsa fili kafin su kai ruwa, ga bayansu da laushi. In akwai mai gadi, za ta samu ta tura su cikin ciyawa. In babu, Zalɓe zai tsince su kamar gyaɗa.

Sai damina ta yi jinkiri. Tafki ya ja baya, zafi ya yi yawa, zuciyar kowa ta dawo kusa.

Wata safiya Burduddugi yana gadi, zaman ya ishe shi. Sai ya miƙe a kan ƙafafunsa na gaba, ya fara kwaikwayon ƙadangaru, yana ɗaga kai yana dangwarar da shi, har da murguɗa baki. Kwaɗi suka tuntsire da dariya. Jan Gwada, mai natsuwar nan da babu irin ta, ashe idonsa ɗaya a buɗe yake.

"Kai, buhun taɓo!" ya daka masa tsawa. "Ibadarmu ce ta zama abin wasanka?"

"Au, ibada ce?" in ji Burduddugi. "Ni na ɗauka ƙuda kuke kora."

Da yamma ta yi, kwaɗi suka fara waƙa, sai Jan Gwada ya hau ƙololuwa, ya cusa ganye a kunnuwansa, ya juya wa tafki baya. Washegari babu kwaɗon da ya fito gadi. Shi ke nan, abin da kakanni suka riƙe shekara da shekaru ya watse a kan murguɗa baki.

Iya ta yi ajiyar zuciya. Ta san wannan hanyar, ta sha bin ta. Ta ja jiki ta fara hawan dutse, tana hawa tana hutawa, ƙafafunta na zamewa.

"Iya, da kin bar wahalar da kanki," in ji Jan Gwada. "Wannan kururuwar tasu ita ce ibada? Mahalicci kurma ne da sai an yi masa ihu?"

"Ɗan nan, ka taɓa matsawa kusa ka ji abin da suke faɗa?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe! Kakana ya ce duk wanda ya saurari waƙar kwaɗi, zuciyarsa taɓo za ta zama."

"Shi kakan naka ya taɓa saurara?"

"Ina fa! Shi ma nasa kakan ne ya gargaɗe shi."

"To ni ina ji kullum. Godiya suke yi wa wanda ya yi ruwa."

"Kin ji ko! Ruwa! Mu kuwa wanda ya yi rana muke gode wa."

"Su biyu ne?" in ji Iya.

Jan Gwada ya yi tsaki, ya kau da kai. Iya ta tuna masa da ƙwanta. Ya ce, "Ba da ke nake ba, Iya. Burduddugi ya zo nan gaban jama'a ya ba ni haƙuri, sai a yi maganar gadi."

Ta gangaro da kyar, ta shiga ruwa ta sami Burduddugi.

"Iya, ki faɗi gaskiya," in ji shi. "Gyaɗa kai ibada ne? Ko kalma ɗaya ba ta fita. Mu ma in gyangyaɗi ya kama mu haka muke yi."

"Suna magana, a hankali ne. Ni da nake kwance kusa da su ina ji."

"Ko ma me suke cewa, su suka riƙe mana rana a sama. Kullum suna yi mata sannu da zuwa, ta ina hadari zai samu hanya?"

"Su ma sun ce hayaniyarku ce take korar hadari."

Burduddugi ya cika ya batse. Can kuma ya sassauta murya, ya duba hagu da dama, ya ce, "Iya, in na yarda tasu ibada ce, tamu kuma ta zama me?"

"Ta zama taku, kamar yadda take jiya," in ji Iya. "Ni dai ƙwaina nake roƙa wa. Sun kusa fashewa."

"Ba da ke nake ba. Ya cire ganyen kunnensa, ya sauko ya ba ni haƙuri tukuna."

Haka Iya ta yi ta safa da marwa, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko, har faratanta suka dakushe. Kowa sai ya yi mata sannu, ya girmama furfurarta, sannan ya ajiye maganarta a gefe. Abin ya gundure ta. Ta gaji da jin kalmar "su", ta gaji da labarin kakannin da ba su taɓa ji ba amma sun san komai. Ta koma ta kwanta kusa da ramin ƙwanta, tana kallon sama da idon da ba ya gani sosai.

Ana nan sai ruwan farko ya sauka da asuba, ƙasa ta yi laushi. Kwaɗi suka ce waƙarsu ce ta jawo shi. Ƙadangaru suka ce haƙurinsu ne. Nan take Burduddugi ya kawo wata dabara da yake ganin babu kamarta.

"Yau ba za mu jira yamma ba! Da hantsi za mu yi tamu, daidai lokacin tasu. Mu ga ta wa za ta kai sama."

Da labari ya isa kan dutse, Jan Gwada ya ce wa jama'arsa, "Duk ihun da za su yi, kada wanda ya buɗe ido. Mu nuna musu natsuwa."

Hantsi ya fito. Ƙadangaru suka runtse ido gam, suna sunkuyar da kai da ƙarfi kamar masu daka. Kwaɗi suka kumbura wuya, suka cika wurin da amo. Babu ido ɗaya a sama, babu kunne ɗaya a sake. Gaskiyar magana kuwa, a cikinsu babu mai tunanin Mahalicci a wannan safiyar, kowa maƙwabcinsa yake yi wa.

A daidai lokacin rairayi ya motsa a gaban Iya. Wani ɗan kai ya leƙo, wani ya biyo shi, sai ga su suna ta fitowa, suna rarrafe zuwa ruwa. Farin cikinta bai gama isa zuciya ba, ta ga inuwa ta gifta.

Ta buɗe baki za ta yi ihu. Amma kififiya ba ta da muryar ihu, sai ɗan huci. Ta kira Burduddugi, waƙa ta haɗiye kiran. Ta kira Jan Gwada, bai ko motsa fatar ido ba.

Zalɓe ya sauka a hankali, ya naɗe fukafukansa, ya fara tsinta. Iya ta yi ta jan tsohon jikinta, kafin ta kai ga wannan an ɗauke shi, kafin ta juya ga wancan babu shi. Guda ɗaya tak ta cim ma, ta kife a kansa.

Da rairayi ya zama wayam, Zalɓe ya waiga. Abin da ya fi komai girma a bakin ruwa shi ne wuyan Burduddugi, ya kumbura yana sheƙi. Ya kai masa sara. Santsi ya cece shi, ya suɓuce ya faɗa ruwa, amma maƙogwaron ya huje. Waƙa ta yanke.

Jin shiru, sai Jan Gwada ya yi murmushi, idonsa a rufe. "Sun gaji!" ya ce. "Mun kayar da su!" Bai rufe baki ba ya ji an cafke shi ta baya. Ya fizge da kyar ya faɗa tsaguwar dutse, ya bar wa Zalɓe wutsiyarsa tana mutsu-mutsu.

Da yamma su biyun suka zo yi wa Iya ta'aziyya, ɗaya guntu, ɗaya murya a shaƙe.

"Sannu, Iya. Allah ya ba ki haƙuri," in ji Jan Gwada. "Da wasu ba su canza lokacin ibadarsu ba..."

"Da wasu sun buɗe ido..." in ji Burduddugi, da wata 'yar murya kamar ta sauro.

Sai ɗan da ya tsira ya leƙo daga ƙarƙashin uwarsa. Jan Gwada ya dube shi ya ce, "Allah sarki! Kusa da dutse ya tsira. In ya girma, tare da mu zai riƙa fuskantar rana."

"Ɗan ruwa ne," in ji Burduddugi. "Waƙa za mu koya masa."

Iya ta dube su. Ba ta yi faɗa ba, ba ta da sauran ƙarfinsa. Ta ce, "Na gaji, 'ya'yan nan." Ta ɗora ɗanta a baya, ta bi hanyar da ruwan sama ya yi, ta nufi wani tafkin. Ba ta waiwayo ba.

Washegari da hantsi, ba wanda ya aike shi, Burduddugi ya fito bakin ruwa ya tsaya gadi. Inuwa ta gifta can nesa, ya buɗe baki, iska kawai ta fita. Da yamma Jan Gwada ya hau ƙololuwa, ya kaɗa guntun da ya rage masa, ko tsakuwa ɗaya ba ta motsa ba. Tun daga ranar ƙadangaru suke sunkuyar da kai suna waige-waige, kwaɗi kuma su rera kaɗan su yi tsit su saurara. Babu wanda ya ƙara yin ibadarsa hankali kwance a bakin tafkin nan.

Darasin wannan labari shi ne, yawancin rainin da masu addini daban-daban ke yi wa juna daga nesa ake yin sa. Mutum bai matsa ya ji ba, ya riƙe abin da aka gaya masa, kuma yana tsoron in ya mutunta ibadar wani, tasa za ta ragu. Ba ta raguwa. Ka riƙe naka da kyau, ka bar wa maƙwabcinka mutuncinsa, domin in faɗa ya tashi, waɗanda ba su san komai ba su ake fara rasawa, kuma kai ma ba za ka ƙara yin ibadarka cikin kwanciyar hankali ba.