Ranar da Mani Ya Yi Murnar Taka Ƙaya

Akwai wani bawan Allah a Dogon Dutsi, Mani, a shekarun nan da Nijar ta fara cin gashin kanta. Ɗan manoma ne daga Ɗan Kassari, Allah ya ɗaga shi ya samu aikin kai saƙo a ofishin gwamnati. Aka ba shi kaki, aka ba shi keke. Daga ranar kan Mani ya kumbura, ya ce shi da tuwon gero haihata-haihata.

Farar shinkafar kanti ya ga manyan ma'aikata suna ci, shi ma ya ɗora. Da safe shayi da burodi, da rana shinkafa da mai, da yamma ma ita ce. Albashin bai kai na nama ba, amma ina ruwansa, tunda maƙwabta sun ga farin abu a kwanonsa.

Yayarsa Zalihatu, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ba ta fasa aiko masa da gero da wake da gyaɗa a kan jaki ba. Kayan na isowa sai ya ce wa matarsa Bilkisu, "Zuba ma rago. Wanga cimar ƙauye ta."

Bilkisu ba ta musu. Takan ɗebi nata da na yara, sauran rago ya samu. Rago kuwa ya yi ɓul-ɓul, har mutane na leƙowa kallo.

Ana nan, Mani ya fara jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa, wani lokaci kamar ya taka garwashi. Ya share. Wata safiya ya sauka daga keke a bakin ofis, sai ya ga ƙafarsa guda ba takalmi, yatsa na zubar da jini. Takalmin ya faɗi a hanya, ƙarfe ya yanke masa yatsan, shi kuwa bai ji komai ba.

Gabansa ya yanke ya faɗi. A zamanin, wanda ƙafarsa ta daina ji, abu guda ake kawo masa: kuturta. Mani ya hango an karɓe kakin, an ware masa kwano, 'ya'yansa suna gaishe shi daga nesa. Ya sayi safa ya rufe ƙafafun, bai gaya wa kowa ba. Tsoro ya hana shi sukuni, tafiya ta fara gagararsa.

Bilkisu ta lura, ta aika ƙauye. Washegari sai ga Zalihatu da jakinta. Ta zauna, ta tuɓe masa safar da hannunta.

"Yaya, kak ki taɓa," in ji Mani. "Ina jin babbar cuta ta."

"To, sai mi?" in ji ta. "Ko ita ta, kwano guda za mu ci da kai. Ni na wanke ka kana jinjiri. Tashi mu tahi likita."

Mani ya fashe da kuka. Haka mai kaki ya hau jakin ƙauye, yayarsa na ja, suka ratsa gari.

Majo Sha'ibu, babban ma'aikacin ɗakin magani, ya fito da shi hasken rana, ya duba fatarsa sama da ƙasa, ya lallatsa gwiwar hannu da bayan gwiwa. Ba tabo ko ɗaya. Ya ce jijiya kan mutu saboda abubuwa da yawa, ba kuturta kaɗai ba. Ya tambaye shi ko yana shan giya, ko yana yawan ƙishirwa da fitsari irin na ciwon suga, ko yana shan wani magani. Duk babu.

"To, mi kaka ci?"

Mani ya lissafa, har da ɗan taƙama.

"Ba a kawo maka hatsi da wake daga gida?"

Zalihatu ta ce, "Ana kawowa, Majo. Rago ka ci."

Majo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam Mani, ba kuturu kake ba. Akwai abin da aka ce ma bitamin, shi ka ciyad da jijiya. Yana cikin hatsi da wake da gujjiya, ita ko shinkafarka an goge mata shi tas. Ragonka ka shan maganinka."

Mani ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya rufe fuska, kunya da daɗi sun haɗe masa. Aka yi masa allurai, aka ba shi hutu, Zalihatu ta tafi da shi Ɗan Kassari. Ta riƙa ɗura masa fura da nono, da dafaffen wake, da tuwon da ya raina. Har suɗe kwano yake yi.

Sauƙin bai zo da gaggawa ba. Sai bayan kaka, wata rana ya fita bayan gida ba takalmi, kwatsam aka ji ya kurma ihu. Zalihatu ta sheƙo a guje, ta tarar da shi zaune a ƙasa riƙe da ƙafa, ƙaya ta nutse a diddige, yana dariya hawaye na zuba.

"Yaya, da zahi! Wallahi da zahi!"

Ta durƙusa ta cire masa ƙayar, ta ce, "Alhamdu lillahi. Taka wata ma."

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka raina abincin da ya raine ka da hannun da ya ba ka shi. Kuma in ka ji ƙafa ko hannu ya daina ji, kada ka ɓoye, kada ka yanke wa kanka hukunci, je ka a duba ka da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai ɓoye ƙafarsa a cikin safa.