Ƙafar Tsanko Mai Sallama Kafin Naushi

Akwai wani ɗan dambe a nan garin Sliven, sunansa Tsanko. Da rana direban bas ne, da yamma kuma yana can ɗakin atisaye yana jibgar buhu. Hannun damansa kam ba a magana. In ya same ka, sai an tuna maka sunan unguwarku.

Matsalarsa ɗaya ce, bai yarda da kowa ba. In ka ce masa ina kwana, sai ya leƙa taga ya tabbatar safiya ce kafin ya amsa.

Shekaru sun fara ja, gira duk ɗinki. Matarsa Nevena ta gaji da wanke tawul mai jini, har ta sa ya yi mata alkawari a gaban mahaifiyarta: in ya faɗi a damben fitar da gwanin lardi na bana, ya ajiye safar dambe ke nan har abada. In kuwa ya ci ya wuce gasar ƙasa a Sofiya, babban birni, ba za ta ƙara cewa uffan ba.

Wa aka haɗa shi da shi? Velko, ƙanin Nevena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke atisaye a wani kulob a ɗaya gefen gari.

Wata Lahadi suna gidan surukarsa, ana cin banitsa, wani gashin fulawa mai cuku, da kindirmo, sai Velko ya ajiye cokali ya ce, "Mijin yaya, in gaya maka wani abu kyauta? Duk lokacin da za ka saki dama, sai ka buga ƙafar gaba a ƙasa. Dim! Ƙafarka na yin sallama kafin hannunka ya shigo. Ko kurma ya san yaushe zai kauce."

Tsanko ya daina tauna.

"Me ya sa sai yanzu kake gaya mini?"

"Saboda Mama ta ce in na fasa maka muƙamuƙi, na gama cin abinci a gidan nan. Kuma yayata ce za ta sha wahalar ɗura maka miya."

Kowa ya yi dariya banda Tsanko. A ransa cewa yake: yaron nan so yake in koma kallon ƙafata, shi kuma ya samu fuskata. Ko sauran banitsar bai ƙarasa ba.

Washegari ya kai ƙara wajen kocinsa, wani tsoho mai karyayyen hanci da ake kira Bai Stamen.

"Bai Stamen, ka ji tarkon da yaron nan ya ɗana mini?"

Tsohon ya saurara, sannan ya ce, "Tarkon me? Tun kana da gashi a kai nake gaya maka maganar ƙafar nan! Cire takalmi, hau tabarmar can da safa, ka yi ta sakin dama har in daina jin motsinka."

Sai kuma idon tsohon ya yi haske.

"Kai, tsaya ma. Lokaci ya ƙure, ba ka iya barin halin nan kafin ranar. To mu sa shi aiki. Ka buga ƙafar yadda ka saba, amma ka riƙe damar. Shi ya riga ya haddace, zai sunkuya ya kauce gefen hagunka da kansa. Nan za ka tarbe shi da hagu ta gefe. Shi zai kawo haɓar, kai karɓa kawai za ka yi."

Suka gwada. Abin ya zauna ɗas. Har Tsanko ya fara murmushi.

Kwana biyu bayan haka yana tuƙa bas ta kusa da kasuwa, sai ya hango Bai Stamen zaune da kocin Velko suna shan kofi, suna ƙyaƙyata dariya. Mutanen nan tare suka yi aikin soja, duk gari an sani, kullum can suke zama. Amma Tsanko saura kaɗan ya hau kan mai sayar da kankana.

Shi ke nan. An sayar da shi.

Daga ranar ya daina gwada dabarar. In Bai Stamen ya ce hagu, sai ya ce kafaɗa na ciwo. Ya koma atisaye shi kaɗai a gareji, ya toshe taga da kwali. Nevena ta kawo masa shayi, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Me kike kallo a ƙafata?"

"Safarka ta huje, malam. Ita nake kallo."

"Haka za ki je ki gaya wa ƙaninki?"

"Eh, yanzu zan buga masa waya in ce babban yatsanka na waje. Karɓi shayinka ko in juye maka a ka."

Ranar dambe zaure ya cika. Surukarsa ta zauna a gaba ta rufe ido da gyale, don ko wa aka daka nata ne.

Turmin farko, Tsanko ya buga ƙafa, ya saki dama, ta sha iska. Velko ya kauce ya manna masa biyu a haƙarƙari. Turmi na biyu ma haka. Bai Stamen na goge masa fuska yana cewa, "Ɗan nema, maki ya tafi! Abin da muka gwada, yanzu ne lokacinsa!" Tsanko ya kalle shi ta gefen ido.

A turmin ƙarshe, numfashin Tsanko ya fara ƙarewa. Ya buga ƙafa, dim, amma hannun dama ya yi nauyi, ya ƙi fita. Velko kuwa ya riga ya sunkuya, ya kauce gefen hagu, hannunsa a ƙasa, haɓa a fili.

Tsanko ya gani sarai. Hagunsa na nan a ɗane. Bai Stamen ya daka tsawa har hularsa ta faɗi: "Yanzu!"

Sai wani abu ya ce masa a rai: buɗewar nan ta yi kyau da yawa. Shiri ne.

Ya ja da baya.

Aka kaɗa ƙararrawa. Alƙalin wasa ya ɗaga hannun Velko.

A ɗakin canza kaya Velko ya shigo yana haki, ya zube kusa da shi.

"Mijin yaya, ka kusa kashe ni! Da ka buga ƙafar nan ba ka saki komai ba, na ce yau na kwana asibiti. Wa ya koya maka wannan? Kuma me ya hana ka sakin hagun?"

Tsanko ya juyo ya dube shi.

"Wato kocinka bai gaya maka ba?"

"Gaya mini me?"

Bai Stamen, da ke tsaye yana naɗe tawul, ya ce, "Maganar tattabaru muke yi da kocinsa, sakarai. Kullum maganar tattabaru muke yi."

Nevena ta turo ƙofa. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi gori ba. Ta miƙa hannu kawai. Tsanko ya kwance safar damben a hankali, ya ɗora mata.

Darasi: Wanda ya mai da kowa abin zargi, ko gaskiya aka miƙo masa sai ya ga tarko. In an nuna maka aibinka, fara duba ko akwai shi kafin ka binciki niyyar mai faɗa. Tura wa wannan abokin naka da ke ganin kowa da shi ake, in ya so ya zarge ka da cewa da shi kake.