Wayar Mamaci a Teburin Barista

Akwai wani lauya da ya yi suna wajen kaifin baki. In ya miƙe a kotu, har masinja sai ya ja burki a bakin ƙofa ya saurara. Allah Ya ba shi kai, sai dai bai ba shi haƙuri ba.

Wata rana aka kawo masa shari'ar wani kafinta. A wurin wani gini, rufin siminti ya rufto, ya danne shugaban ma'aikatan wurin, ya rasu nan take. Da aka bincika sai aka ga an cire katakon da ke tokare da rufin tun simintin bai gama kamawa ba. Kafintan ne ya cire, kuma bai musa ba.

"Marigayi ne ya ce in cire," in ji shi. "Ya ce oga ɗan kwangila ne ya ba da umarni, wai ana son katakon a wani ginin."

Shi kuwa ɗan kwangila ya rantse bai taɓa faɗin haka ba. Wanda zai raba gardama yana kabari. Aka tsare kafinta, ana tuhumarsa da sakacin da ya jawo asarar rai.

Ana cikin haka sai ga matar marigayin a ofishin Barista, tana cikin takaba, ƙaninta ya rako ta. Ta zauna a gefen kujera kamar mai tsoron ɓata ta. Ta kwance wani ɗankwali, ta ajiye waya a kan tebur. Gilashin ya tsattsage, garin siminti ya cike tsagogin.

"A aljihunsa take ranar," ta ce. "Tun da abin ya faru ta mutu, ban kuma iya taɓa ta ba. Ranka ya daɗe, da safen ranar yana shan shayi ya kunna saƙon murya a gabana. Ogansu ne. Na ji da kunnena yana cewa a cire katako, ko ya bushe ko bai bushe ba. Baban yara har tsaki ya yi."

"Me ya sa kika kawo mana, alhali wanda muke karewa shi ya cire katakon?" Barista ya tambaya.

"Ni na rasa nawa. Ba na so wata ma ta kwana ba miji a kan abin da ba laifinsa ba."

Barista yana da abokiyar aiki, ita ma lauya ce, tare suka yi karatu. Yakan tsokane ta da Uwar Doka, saboda ba ta tsallake ƙa'ida ko da ta ƙusa ce. Baƙin na fita ta ɗauko ambulan.

"Kada ka kunna ta," ta ce. "A liƙe ta a nan, mu sa hannu, gobe matar ta dawo ita ma ta sa. Ƙwararren nan mai binciken waya da kotu ta yarda da aikinsa shi zai buɗe ta, a ɗakin da sabis ba ya shiga, ya kwafe komai tukuna."

"Ƙwararrenki ai ya yi tafiya."

"Zai dawo nan da 'yan kwanaki."

"Uwar Doka ke nan! Waya ce fa, ba bom ba. Ni da na riƙe waya tun kina neman aron biro a aji?"

"Riƙe waya daban, riƙe hujja daban, Malam. Ka dai ji na faɗa maka."

Ta liƙe ambulan, ta sa a durowa, ta ɗauki jakarta ta tafi kotu.

Bayan azahar hadari ya haɗo. Gari ya yi duhu kamar magariba, aka ɗauke wuta, fankar sama ta yi ta juyawa a hankali har ta tsaya. Masu ofisoshin benen duk sun watse kafin ruwa ya sauko. Barista ya rage shi kaɗai, da fayil a gabansa, amma idonsa yana kan durowa.

Ya riga ya fara jin yadda zai tsaya gaban alƙali, ya kalli ɗan kwangila ido cikin ido, ya maimaita masa kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. To ta yaya zai shirya wannan bai ji saƙon ba? Sau ɗaya kawai zai saurara, ya kashe, ya sake ambulan. Wa zai sani?

Ya yage ambulan. Ya jona wayar da fawa bank ɗinsa.

Da farko shiru. Can sai ta yi ɗan motsi a kan katakon tebur, haske ya bi ta cikin tsagogin. Fuskar marigayin ta bayyana, yana dariya, da 'yar ƙaramar 'yarsa a wuyansa. Tsagar gilashin ta ratsa daidai bakinsa. Ba makulli a wayar, mutumin bai taɓa tunanin yana da abin ɓoyewa ba.

Barista ya buɗe wurin hira, ya nemo sunan da aka rubuta "Oga". Ga saƙon nan, na safiyar ranar. Ya danna.

Muryar ɗan kwangila ta cika ɗakin. "Salamu alaikum. Ka ji ko, maganar katakon nan da muka yi jiya..."

A daidai nan sandunan sabis suka hau a saman gilashin. Layin yana ciki, da sauran data. Wayar ta hau rawa a kan tebur, saƙonnin makonni suna shigowa kamar an ɓalle famfo. Muryar ta yanke. Inda saƙon yake, sai ga wani siririn rubutu ya maye gurbinsa: *An goge wannan saƙon.*

Barista ya danna, ya sake dannawa. Babu komai.

Ashe tun yammacin ranar da ginin ya rufta ɗan kwangila ya goge saƙon daga tasa wayar, ya zaɓi a goge wa kowa. Amma wayar marigayi a mace take, umarnin bai same ta ba. Sai ya tsaya a hanya yana jira, kamar mai gadi a bakin ƙofa, sai ranar da wani zai kunna ta. Mutuwar wayar ita ce ta tsare hujjar duk tsawon wannan lokaci.

Yana nan zaune, sai wayar ta fara ƙara. A kan gilashin an rubuta "Inna".

Ya zuba mata ido har ta katse. Ta sake. Ruwa ya fara dukan taga. Ya kai hannu zai kashe ta, yatsansa ya zame a kan fasasshen gilashin, ya amsa.

"Ɗan nan?" Muryar tsohuwa ce, siririya, tana haki. "Kullum sai na kira, kullum a ce a kashe take. Yau ga shi ta shiga. Ɗan nan, kai ne? Sun ce mini an binne ka, amma ba su bari na ga fuskarka ba."

Barista ya kai wayar kunnensa.

"Ina jin numfashinka," ta ce. "Yi mini magana mana. Ko kalma ɗaya."

Ya danne maɓallin har hasken ya mutu. Ya daɗe a cikin duhun nan bai iya tashi ya buɗe labule ba.

Da Uwar Doka ta dawo ta ga yagaggen ambulan, ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna, ta cire tabarau, ta ce, "Me ka ji?"

"Sallama. Da rabin jimla."

"Innalillahi."

Ƙwararren ya dawo, ya yi iya ƙoƙarinsa, muryar ba ta dawo ba. Abin da ya samu shi ne alamar an taɓa turo saƙo an kuma goge, da shaidar cewa an kunna wayar tana hannun lauya. Dole ya rubuta haka a rahotonsa.

A kotu ɗan kwangila ya ce saƙon gargaɗi ne ya tura, cewa kada a taɓa katakon, ya goge ne don ganinsa yana tayar masa da hankali. Matar marigayi ta faɗi abin da ta ji, tana kuka. Lauyan gwamnati ya miƙe a natse ya ce, "Ina saƙon? Wa ya buɗe wayar? A gaban wa?" Duk ɗakin aka juyo ana kallon Barista. Ranar masinja bai tsaya saurarensa ba.

Aka yanke wa kafinta ɗauri.

Kafin a fita da shi, Barista ya matsa kusa da akwatin da kafintan yake tsaye a ciki. Ya gaya masa gaskiyar abin da ya faru, bai rage komai ba, ya ce zai ɗaukaka ƙara, ya roƙe shi gafara.

Kafintan ya kalli tafin hannunsa. Ya ɗago, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba.

"Barista, ni na cire katako kafin lokacinsa don an sa ni. Kai wa ya sa ka?"

Kafintan ya ƙara da cewa:

"'Yan kwanaki aka ce ka jira, ka kasa. Ni ga shi zan jira shekaru."

Gandiroba ya taɓa kafaɗarsa, suka wuce.

Darasi: Abin da aka damƙa maka amana, ko waya ce ko hoto ko saƙon murya, wataƙila rayuwar wani ce a ciki. Kada gwaninta ta sa ka raina ƙa'idar aikinka, kada ɗoki ya sa ka taɓa abin da aka ce ka bari sai masaninsa ya zo. Wata ɓarnar da yatsa ɗaya ake yin ta, kuma ba mai yin ta ne ke biya ba. 'Yan uwa, ku tura wa lauyoyi da 'yan sanda da duk wanda hujjar wani ke bi ta hannunsa, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna.