Ranar da Aka Yi Atisayen Ciwon Shanu

Akwai wani malamin dabbobi a Gumel mai suna Malam Ladan. Wajen 1976, shanu sun fara farfaɗowa daga fari, ya hau kekensa zuwa wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, ya tara masu shanu.

Ya ce, "Gobe za mu yi atisaye. Mu ɗauka ciwon huhu ya shigo garke, mu ga abin da kowa zai yi."

Alhaji Dogo, wanda ya fi kowa shanu a garin, ya yi tsaki. "Malam, lafiya lau muna zaune ka kira mana ciwo da bakinka? Shekara arba'in ina kiwo." Ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Sauran suka tsaya. Washegari aka shafa wa shanu uku toka a goshi, a matsayin marasa lafiya. Nan aka ga ɓaraka: duk garin a kwami ɗaya ake shayar da shanu, kuma ba wanda ya san wa zai kai labari Gumel. Aka sassaƙa kwami na biyu, aka yi shinge a bayan gari don ware marasa lafiya, aka ɗora wa wani makiyayi, Sajo, kai rahoto.

Bayan wata biyar Alhaji Dogo ya sayo bijimi a kasuwar Maigatari, ya sake shi cikin garke. Ba a jima ba Sajo ya ji shi yana tari a bakin rijiya.

"Alhaji, a ware shi."

"Mura ce kawai."

Sajo bai yi gardama ba, ya kama hanyar Gumel. Kafin la'asar kowa ya janye shanunsa ya koma sabon kwami. Malam Ladan ya zo da allurar rigakafi.

Sauran mutanen garin sun rasa saniya biyu. Alhaji Dogo ya rasa ashirin da uku.

Ba wanda ya yi masa dariya. Sajo ne ma ya taya shi haƙa ramukan binne su. Da suka gama, Alhaji ya ce, "Malam Ladan, ragowar nan ina zan kai su? Nuna mini."

Darasi: Rigakafi ya fi magani. Daɗewa a sana'a ba ta hana koyo. Ku tura wa wani mai kiwo, ko Allah ya sa ya amfana.